Godiya Bayan Dawowarmu Daga Burunai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, mun iso Katsina lafiya, ni da Hajiya mahaifiyarmu da autanmu, kuma takardar digirin da muka je ɗaukowa tana gida. Tun da muka sauka waya ba ta huta ba, daga masu barka da zuwa sai masu cigiyar tsaraba. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, kuma da yawa daga waɗanda suka fi cancantar godiyar ma ba sa jin Hausa, sai dai Auta ya fassara musu. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan, ku taya mu yi musu addu'a.

Ga wanda bai san zancen ba, ƙanina ne ya kammala digiri na biyu a Jami'ar Musulunci ta Sultan Sharif Ali da ke Burunai, wadda aka kafa a 2007, da tallafin karatu na gwamnatin ƙasar. Burunai 'yar ƙaramar ƙasa ce mai arzikin mai a arewacin tsibirin Borneo, jama'arta ba su kai rabin miliyan ba, kuma agogonsu ya wuce namu da awa 7. Hajiya ta ce tunda mahaifinmu bai ga wannan rana ba, ita sai ta gani da idonta. Ta haura shekara 70, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, kuma ban da aikin Hajji ba ta taɓa fita waje ba. 'Yan uwa da dama sun ce kada a wahalar da tsohuwa. Ba su yi ƙarya ba, domin da ni da Auta kaɗai aka bar wa ɗawainiyarta, da ɗakin masauki da zauren biki kawai za ta gani ta dawo. Mutanen da ba su haɗa komai da mu ba su ne suka kai ta duk inda muka taka.

Zan fara da 'yan uwanmu ɗaliban Najeriya da ke can. Mun sauka Bandar Seri Begawan, babban birnin ƙasar, jaka ɗaya ta maƙale a hanya, kuma ita ce mai maganin Hajiya a ciki. Kafin in gama sallallami wani ɗan Zariya ya kira matar malaminsu, ma'aikaciyar jinya ce, ta zo da motarta ta kai mu asibiti. Aka auna Hajiya, aka ba ta madadin maganin tun kafin magariba. Washegari kuma sai ga matan ɗalibai da tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da suke tattali tun daga gida kamar ta ƙare musu ba za su sake gani ba. Allah Ya ba ku abin da kuka je nema, Ya dawo da ku gaban iyayenku lafiya.

Bikin kansa ya yi kyau. Sarkin ƙasar, Sultan Hassanal Bolkiah, wanda yake kan karaga tun 1967, shi ne uban jami'ar. Hajiya ta yi kukanta, ni ma na sunkuyar da kai. Wannan ya isa a kan biki, hotuna suna wajen Auta.

Sai dattijon da yake kula da ƙofa a masallacin Omar Ali Saifuddien. An kammala masallacin a 1958, an sa masa sunan sarki na 28, mahaifin sarki mai ci. Ƙubbarsa zinariya ce, marmararsa daga Italiya, kuma yana tsaye ne a bakin wani tafki da aka haƙa domin shi, da siffar jirgin ruwan sarauta na ƙarni na 16 da aka gina a tsakiyar ruwan. Mun je gab da la'asar, rana ta ƙona dandamalin, Hajiya ta cire takalmi ta kasa takawa. Dattijon nan bai ce uffan ba, ya shiga ya fito da keken marasa lafiya, ya tura ta da kansa har ƙofar sashen mata, ya damƙa ta hannun wata baiwar Allah. Da na miƙa masa ɗan abin goro sai ya dafa ƙirjinsa ya girgiza kai. Bayan sallah muka tarar ya juya takalmanmu sun fuskanci hanyar fita.

A masallacin nan ne aka yi muhawarar da har yanzu ake yi wa Hajiya tsiya da ita a gida. Mu a wajenmu alƙibla gabas ce, a can kuwa Makka tana yamma da su, don haka mafaɗar rana suke fuskanta, a ɗan karkace zuwa arewa. A masauki Auta ya nuna mata kibiyar da ke jikin silin ta ce ita ba ta yarda da kibiya ba. Sai da ta ga sahu a masallaci ya juya can, sannan ta ce, "To Auta, tunda liman ma can ya kalla, na bi." Mutanen ƙasar Shafi'awa ne. Liman yana bayyana Bismillah a Fatiha, kuma a asuba ana yin alƙunutu a bayyane bayan an ɗago daga ruku'u, jama'a na cewa amin, saɓanin yadda muka tashi muka ga malamanmu na Malikiyya suna yi a asirce kafin ruku'u. Ba wanda ya kalle mu sau biyu don mun bambanta da su a wani abu. Juma'a kuwa a masallacin Jame' Asr Hassanil Bolkiah muka yi, wanda aka buɗe a 1994, mai ƙubbobi 29 saboda sarki mai ci shi ne na 29. Ya fi girma da ƙawa, amma ni na farkon ya fi kwanta mini a rai. Abin da ya burge ni ranar shi ne daga ƙarfe 12 zuwa 2 na rana doka ce a rufe shaguna da gidajen abinci, gari ya yi tsit sai masu tafiya masallaci.

Godiya ta musamman ga abokin karatun Auta da iyayensa, mutanen Kampong Ayer. Wannan gari ne sukutum da aka kafa a kan turaku cikin kogin Burunai, da makarantunsa da masallatansa da ofishin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, gadojin katako suna haɗa unguwa da unguwa. Ba sabon abu ba ne, domin Antonio Pigafetta, Bature ɗan Italiya da ya zo cikin ayarin jiragen Magellan a 1521, ya tarar da birnin a kan ruwa ya kuma rubuta labarinsa. Ana tsallakawa ne da ƙananan jiragen haya masu inji, kuma matuƙansu gudu suke yi kamar ana binsu. Hajiya ta leƙa ruwan daga kan matakala ta ce a gaida mutanen gidan, ita ta fasa. Sai mahaifiyar yaron, wadda ita ma ba yarinya ba ce, ta tsallako da kanta ta zo ta kama hannunta, ta yi wa matuƙin magana da harshensu. Ban san abin da ta gaya masa ba, amma a hankali ya tuƙa mu har muka isa, sauran jirage na wuce mu suna dariya.

A gidan aka shimfiɗa mana abinci a ƙasa, ana jin ruwa yana bugun turaku a ƙarƙashin daɓen katako. Suka kawo ambuyat, abincin da suke alfahari da shi. Garin cikin itacen sago ne ake zuba wa tafasasshen ruwa a yi ta juyawa har ya yi yauƙi, kamar sitacin da ake sa wa shadda. Ana naɗo shi da wani tsinken gora mai baki biyu, a tsoma a miya mai tsami da yaji, a haɗiye ba a taunawa. Wajen haɗiya ba a koya mana komai ba, naɗowar ce ta gagare ni, har ƙannen yaron suka gaji da dariya suka ba ni cokali. Tsofaffin biyu kuwa sun shafe fiye da awa suna hira, ɗaya da Hausa ɗaya da Malayanci, suna nuna wa juna hotunan jikoki a waya. Da yamma maigidan ya ɗauke mu a jirginsa muka bi kogin, muka hango fadar Istana Nurul Iman mai ɗakuna 1,788, muka shiga cikin itatuwan da suke tsirowa a ruwa. Can ya kashe inji ya nuna mana birai masu dogon hanci da tulun ciki, waɗanda ba a samunsu a daji ko'ina sai a Borneo. Ya kuma hana ni sa hannu a ruwa, ya ce akwai kada.

Na ƙarshe a can, kuma wanda ya fi tsaya mini a zuciya, shi ne matuƙin kwale-kwalen Temburong da matarsa. Temburong yanki ne na Burunai da ƙasar Maleshiya ta raba da sauran ƙasar, sai a 2020 aka buɗe gada mai tsawon kilomita 30 da ta haɗa su. Daga garin Bangar muka wuce bakin kogi, muka shiga dogon kwale-kwale siriri zuwa gandun dajin Ulu Temburong, wanda aka keɓe tun 1991. Mutanen ƙabilar Iban ne suke wannan tuƙi. Mijin yana baya da inji, matar tana gaba a tsaye da doguwar gora tana ture duwatsu, tana nuna masa hanya da hannu ba tare da ta waiwayo ba. Inda ruwa ya yi ƙasa sai su diro su tura. Wanda ya tashi a Katsina bai san ana yin itace haka ba, sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshensa ba, ga kukan ƙwari da ba ya yankewa, ga gumi ko kana zaune.

Ni da Auta muka hau matakalan katako zuwa saman tudu, inda aka kafa hasumiyoyin ƙarfe da siririyar gada a saman itatuwa. Na hau, gwiwoyina suna rawa, na ga daji iya ganina da hazo kwance a kansa. Hajiya muka bari a wata rumfa a ƙasa tare da matar. Muna can sama hadari ya taso, ruwa ya kece, matakalan suka yi santsi, saukowar da ta kamata ta zama ta ɗan lokaci ta ja mu har azahar ta wuce, ga matsattsaku ya kama ni a ƙafa. Hankalina duk yana kan tsohuwa. Da muka iso muka tarar matar nan ta lulluɓe ta da ledar ruwanta, ita kuma tana jiƙewa, ta tafasa mata shayi, ta ɗebo mata ruwan alwala. Ba Musulma ba ce, amma ita ta nuna mata alƙibla ta kuma shimfiɗa mata tabarma a inda ba ya yoyo. Kogin ya ƙaru ya yi ja, mijin ya ce ba zai sa tsohuwa a wannan ruwa ba sai ya lafa, ko da kuwa zai rasa fasinjojin yamma. Haka muka jira, kuma bai ƙara mana ko sisi a kan kuɗin da aka yi ciniki ba. Allah Ya saka musu da mafificin alheri, Ya tsare su a kan ruwan da suke neman abinci.

A gida kuma ina godiya ga Kawu da ya cika mana kuɗin tikitin Hajiya ba tare da an roƙe shi ba, da maƙwabta da suka kula da gida, da yaran shago da na dawo na tarar da lissafi daidai. Uwargida ta riƙe yara da zirga-zirgar makaranta ita kaɗai, Allah Ya bar zumunci.

Masu tambayar yadda ake neman tallafin karatun, ku tuntuɓi Auta bayan sati ɗaya, ku bari ya huta tukuna. Za a yi walima da saukar Alƙur'ani a gidan Hajiya ranar Asabar bayan la'asar, ana gayyatar kowa. Tsaraba kuma tana cikin jakar nan da ta maƙale, ta sake maƙalewa a hanyar dawowa, an ce mana tana tafe.