Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Siton Masallaci

A makon jiya na tsaya ne a inda jama'ar masallacinmu na Tudun Wada, Zariya, suka damƙa mini makullin siton hatsi. Yau yadda aikin yake zan bayyana, domin masallatai da dama na son farawa, amma hatsin kan lalace ko rabon ya jawo gunaguni.

Abu na farko, kada a gwama zakka da sadaka, ko a buhu ko a littafi. Zakkar amfanin gona tana wajaba idan hatsi ya kai wusƙi 5, wato sa'i 300, kimanin buhu shida da rabi masu cin kilo 100. Noman damina ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya bisa ashirin. Masu cin ta rukunin mutane takwas ne da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma ba a jinkirta ta. Da ta shigo da kaka, a raba.

Sadaka ce ake iya ajiyewa, kuma a ganina a nan amfanin sito yake. Da kaka kusan kowane gida akwai ɗan abin sawa a tukunya. Wuyar tana zuwa ne a watannin Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi kuma ya hau a kasuwar Sabon Gari. Sadaka ba ta tambayar addini, don haka maƙwabci Kirista da yunwa ta shiga gidansa yana da rabo a ciki.

Ajiyar ita ce mai wuya. Masarar da ba ta bushe ba fumfuna take yi, ta yi ɗaci, ta kuma cutar da mai ci. Kafin a karɓa, a zuba 'yan ƙwayoyi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar da ita shanya. Buhu ba ya taɓa ƙasa ko bango: a jera katako a ɗora a kai, a bar ratar da mutum zai zagaya, saboda gara da ɓera da zufar siminti. Wake ya fi komai saurin kama ƙwaro. A sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu kuwa iskar guba take fitarwa, kada a kuskura a yi amfani da ita a ɗakin da ladani ko almajirai ke kwana kusa.

Wajen rabo, limami da mai unguwa su zauna su tsara sunaye, amma lallai a nemi bakin matan Islamiyya. Su ke shiga gidaje, su suka san wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da gidan da ba a ɗora tukunya ba tun jiya. Mai larurar gaske sau da yawa kunya ke hana shi magana. Shi ya sa ba na son kiran layi a ƙofar masallaci: masu ƙarfin turereniya ke kwashewa, dattijo mai mutunci kuwa ba zai zo ba. A auna da tiya ɗaya ga kowa gwargwadon yawan iyali, a ƙulla, matasa su kai gida bayan sallar isha'i. Makulli biyu, a hannun mutum biyu, sannan a karanta abin da ya shiga da wanda ya fita a gaban jama'a, ba tare da ambaton sunan wanda aka ba ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga batun zakkar fid-da-kai.