Mai kamun kifin da bai cika cin kifi ba

Wai sunansa mai kamun kifi, amma wannan tsuntsun na cikin kurmi, Halcyon malimbica, yawancin abincinsa fara ce da gara da kwaɗi da ƙaguwa. Kafin ka gan shi sai ka ji kukansa, wani fito mai saukowa a hankali kamar mai jin kewa, shi kuwa yana can ya lafe a reshe cikin inuwa ko motsi ba ya yi, wuyanka har ya gaji da ɗaga kai.

Matsalar ita ce ɗan'uwansa Halcyon senegalensis, dukkansu baki sama ja ƙasa baƙi, fuka-fukai shuɗi da baƙi, wallahi in ka yi gaggawa sai ka rantse abu ɗaya ne. Ni dai ƙirji nake fara dubawa da madubin hangen nesa: na kurmin shuɗi ne, ɗayan fari-fari mai toka. Sannan na kurmin baƙin layin idonsa ya zarce har bayan ido, ya kuma fi girma, kusan santimita 25. Sheƙarsa ma a cikin gidan gara na kan bishiya yake haƙawa, in ka ga rami a jiki ka tsaya ka jira.