Litinin a Maradi: yadda ake ware wa damuwa lokacinta

Yau ranar kasuwa, layi ya yi tsawo a asibitinmu tun da safe, har da mutanen Tibiri da Madarunfa da suka haɗa cefane da ganin likita. Kusan babu wanda ya ce damuwa ce ta kawo shi. Kukan dai ciwon kai, faɗuwar gaba, wuya ya riƙe, barci ya ƙi. Sai an zauna an yi ta tambaya zulumin ke fitowa.

Ba kowane zulumi ne ciwo ba. Abin da muke dubawa: damuwa a yawancin kwanaki har wata 6, kan abubuwa iri-iri, mutum ya kasa tsayar da ita, ga kuma aƙalla uku cikin alamu shida, wato rashin natsuwa, saurin gajiya, kasa tattara hankali, saurin fushi, ɗaurewar tsoka da rikicewar barci. Takardar auna damuwa da ake kira GAD-7 na da tambaya 7 kan sati biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 21. Wanda ya kai 10 sai a zurfafa bincike. Amma tukuna a tambayi shayi nawa ake sha, goro nawa, ko ana haɗiyar Tramol, a kuma duba maƙoƙo, don shi ma yakan kawo bugun zuciya da rawar hannu.

Wanda ya fi ɗaukar lokaci wani ɗan kasuwa ne mai ɗauko kaya ta Ɗan Isa. Canjin naira da sefa, iyaka, yaronsa da ke karatu a Yamai, duk a kansa dare da rana. Shi ne irin wanda hanyar gyaran tunani da ɗabi'a ta dace da shi, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960. Zama 12 zuwa 15 ake yi, awa guda kowane sati, amma ainihin aikin a gida yake.

Na ce, "Alhaji, raba shafin nan biyu." Gefe ɗaya damuwar da ke da abin yi yau, kamar bashin da za a biya ran Juma'a: a rubuta mataki guda, da ranar yin sa. Ɗaya gefen na "idan kuma fa" ne. Idan kuma fa mota ta faɗi da kayan? Idan kuma fa yaron ya kwanta ciwo? Wannan ba ta da amsa, kowace amsa wata tambayar take haifarwa. Ita ake ware wa lokaci, dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Thomas Borkovec ya bayyana a 1983: minti 30 kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Bayan la'asar ya fi. Tunanin ya zo da hantsi, a rubuta shi a layi ɗaya, da boko ko ajami, ko a naɗa a waya, a ce masa sai marece, a koma kan aiki. Lokacin ya yi, a buɗe littafin a damu sosai, minti 30 sun cika a tashi. Galibi wasu cikin abubuwan da aka rubuta sun riga sun huce.

Inda ake ɓata ta sananne ne. Wasu kan kai lokacin bayan isha'i, bisa gado, sai barci ya ƙara gudu. Wasu kuma su ɗauka korar tunanin ake nufi, alhali abin da ka kora da ƙarfi ya fi saurin dawowa. Shi ya sa "ka daina tunani" da dangi ke faɗa ba ta taɓa aiki. Mafi wuya shi ne barin neman tabbaci. Alhaji kan bugo wa direbansa a kai a kai, hankalinsa ya kwanta minti kaɗan, ƙwaƙwalwa kuwa ta koyi cewa ba don kiran ba da masifa ta auku. Aikin satin nan: kira biyu kawai a tafiya guda, ya rubuta abin da yake tsoro kafin, da abin da ya faru bayan. Na faɗa masa kwanakin farko fargabar za ta hau kafin ta sauka, kada ya zaci maganin ne ya ƙi.

Ya tambayi ƙwaya. Diazepam na masu tebur yana kwantar da jiki nan take, amma jiki na sabawa da shi, barinsa kuma wahala. In har ana bukatar magani, irin su sertraline ne, a hannun likita, kuma sai sati 2 zuwa 6 ake fara ganin amfaninsa.