Ba komai ake sakar wa janar ba

Jiya na ji wani ɗalibi yana ta ɗaga murya, wai in yaƙi ya ɓarke, shugaba farar hula ya ja bakinsa ya bar wa hafsoshi. Jikina ya yi sanyi, don ni ma na daɗe ina kare wannan magana.

Kuma ba haka kawai na riƙe ta ba. Na dubi Stalingrad, a Yaƙin Duniya na Biyu, inda Hitler ya hana kwamandansa Paulus janyewa a Nuwamban 1942 har rundunar ta miƙa wuya a Fabrairun 1943, na ce ga abin da katsalandan ke haifarwa. Har gobe ina kan haka. Inda na ɓata shi ne na ɗauka janar ba ya kuskure. A Oktoban 1950 Janar MacArthur na Amurka ya faɗa wa shugaban ƙasarsa Truman da wuya Sin ta shiga yaƙin Koriya. Nuwamba bai ƙare ba dakarunta suka auka wa sojojinsa. MacArthur ya koma yana neman a kai yaƙin cikin Sin, yana sukar gwamnatinsa a bainar jama'a, sai da Truman ya tuɓe shi ranar 11 ga Afrilun 1951. A 1962 ma hafsoshin Amurka luguden wuta suka so a yi wa Kyuba saboda makamai masu linzami da Tarayyar Soviet ta girke a can, Shugaba Kennedy ya zaɓi tare hanyar teku. Duk na san wannan, na kau da kai, don kaki yana da kwarjini.

To ku ji. Dalilin yaƙin, iyakarsa, da lokacin tsayawa, na shugaba ne, ba a ba da aronsu. Kafin ya sa hannu ya tambaya: sojoji nawa, wata nawa, man fetur da albarusai na kwana nawa, in ta ɓaci ta ina za a janye, wa zai riƙe gari bayan an ci shi? Ba a fafe gora ranar tafiya. In tsari ɗaya aka kawo masa, an riga an yanke masa hukunci ne. Ya nemi na biyu. Tudun da za a fara hawa da sa'ar kai hari kuwa, ya cire hannunsa.

Amma fa, in kai ne shugaba, kwamanda ya ba ka adadin sojojin da ake buƙata, kada ka rage don ya yi maka daɗi. A Fabrairun 2003 Janar Shinseki, shugaban rundunar sojan ƙasa ta Amurka, ya ce riƙe Iraƙi zai ci sojoji dubu ɗaruruwa, manyan farar hula na ma'aikatar tsaro suka yi watsi da shi. Bagadaza ta faɗi a Afrilu, aka rasa isassun sojojin da za su hana wasoso.