Kafin rola ta taɓa bango: fentin cikin sabon gida da zaɓen bangon ado

Yawancin fentin da ke lalacewa a sabon gida tun kafin a buɗe bokiti ya lalace. An gama filasta ranar Asabar, biki ya matso, dangin amarya na jiran su zo jere, sai a kira mai fenti ranar Talata. Wata uku ba a yi ba bango ya fara kumbura, fenti na ɓanɓarewa kamar ɓawon albasa, maigida kuma ya ɗora laifi a kan kamfani. Laifin yana jikin bangon.

Sabuwar filasta cike take da ruwa, ga kuma kaifin siminti wanda ke cin launi. Kwana 28 shi ne mafi ƙarancin abin da za a ba ta, kuma wannan lissafin rani ne. Idan a Yuli ko Agusta aka yi ta, ƙara mata makonni, domin iskar damina ba ta jan ruwa daga bango. Kada ka yarda da ido kawai, don fuskar bango kan yi fari alhali cikinsa jiƙe yake. Yanki leda mai faɗin kamar rabin mita kowane gefe, ka manna ta a bango da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta ta kwana. Da safe idan ka ga raɓa a cikin ledar, ko wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, bango bai shirya ba. Yi gwajin a ƙasa kusa da daɓe da kuma bangon da ke jingine da banɗaki, nan ne danshi ya fi daɗewa.

Akwai wani farin gari mai kama da kanwa da ke fitowa a jikin sabon bango. Gishiri ne da ke cikin yashi, ko bulo, ko ruwan da aka yi kwaɓi da shi. Danshi ke ɗauko shi, idan ya ƙafe ya bar shi a fuska. Da busasshen burushi mai ƙarfi ake kakkaɓe shi. Wanke shi da ruwa mayar da shi ciki ne, zai sake dawowa. Ka goge, ka jira mako guda, in bai sake fitowa ba ka ci gaba. Amma idan danshin daga ƙasa yake tasowa, ya ja layi kamar tsayin gwiwa zuwa ƙugu, wannan ba aikin mai fenti ba ne. Ko dai ba a sa shingen hana danshi a harsashi ba, ko ruwan sama na kwanciya a gindin gini, ko bututu na yoyo a ciki. Fenti komai tsadarsa ba zai riƙe wurin ba sai an toshe hanyar ruwan.

Haka kuma kada a fara sai mai wayarin da mai aikin famfo sun gama fasa bango. Ramin na'urar sanyaya ɗaki, wayar talabijin, ƙarfen labule, duk a huda su tun yanzu. Faci a kan bangon da aka gama fentinsa ba ya ɓoyuwa, musamman a launi mai duhu.

Sai sikiridin, wato shafen da ke mayar da filasta mai kaushi ta zama sumul. A wurarenmu an fi haɗa farin siminti ko garin POP da fentin sikiridin da gam, akwai kuma wanda ake sayarwa a haɗe. Ko wanne aka ɗauka, sirrin shi ne sirara. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba, domin mai kauri yana tsattsagewa idan ya bushe. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za a shafe cikin rabin awa, saboda haɗin da ke da POP yana saurin kamawa, kuma wanda ya fara kamawa aka ƙara masa ruwa ya riga ya mutu, gari zai riƙa zubarwa. Bayan ya bushe a bi shi da samfefa mai lamba 120, a ƙarasa da 180 ko 220. Ga abin da ke raba gwani da ɗan koyo: da daddare ka kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da tocila a jikin bango ta haska shi ta gefe. Duk tudu da kwari da sawun cokali za su fito fili. Zagaye su da fensir a gyara. Sannan a share ƙurar tas, domin fenti a kan ƙura ba bango ya kama ba, ƙura ya kama.

Shafin share fage, wanda masu sana'a ke kira firaima, shi ne abin da aka fi tsallakewa don a rage kuɗi, kuma ni a ganina shi ne kuɗin da bai kamata a taɓa ba. Nemi wanda aka rubuta yana jure kaifin siminti. Yana toshe ƙishin bango, fentin gaske ya zauna daidai, ba nan ya sha da yawa can ya sha kaɗan ba.

Lissafin fenti ba shi da wuya. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 a 12, wato mita 3.6 kowane gefe, tsayinsa mita 3. Kewayensa mita 14.4, a ninka da 3 ya ba da murabba'in mita 43. Cire ƙofa da taga ɗaya, saura kamar 40. Fenti mai kyau a kan bango mai sumul yana rufe kimanin murabba'in mita 10 a kowace lita, shafi ɗaya. Shafi biyu ke nan lita 8, galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Silin ɗin ɗakin murabba'in mita 13 ne, lita 3 ta ishe shi. Bokiti mai lita 20 zai yi bangon irin wannan ɗaki biyu da rabi. Duk wanda ya ce maka bokiti ɗaya zai zagaye ɗaki biyar, ruwa zai shafa maka. Duba abin da aka rubuta a jikin bokitin. Galibi ruwan da ake ƙarawa a fentin ruwa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wanda aka tsinka fiye da kima yakan yi kyau ranar farko, bayan wata biyu ka jingina da farar riga ka tashi da launin bango a bayanka. Fentin da shi kansa ya yi araha fiye da hankali haka yake yi, alli ne ya fi yawa a cikinsa. Araha ba ta ado.

Wane iri za a sa a ina? Nan sai a dubi yadda muke zama a gida. Muna zama a ƙasa, muna jingina da bango, man kitso da man gashi na barin tabo daidai tsayin kai. Yara na bin bango da hannun miya. Turaren wuta kuma, duk daɗinsa, yana dafe kusurwar da ake ajiye kasko da silin ɗin da ke samanta. Saboda haka falo, da baranda, da ɗakin yara, da kicin suna son satin, mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Sharaɗinsa ɗaya: sheƙi na tona asirin bango, in sikiridin bai yi kyau ba kowa zai gani. Marar sheƙi yana rufa wannan asiri, shi ya sa ya dace da silin da ɗakin kwanan manya. Fentin mai na ƙofar ƙarfe ne da tagogi da katako.

A kan fentin mai akwai maganar da ba ta ado ba ce. Wasu daga cikinsa, musamman rawaya da ja da ruwan goro, ana haɗa su da dalma. Idan ya tsufa ya zama ƙura, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki, dalma na taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Arewa ta ga abin da dalma ke yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga duwatsun zinare ta fito. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Karanta jikin gwangwani, ka ɗauki wanda ya bayyana ba a sa masa dalma ba, ka guji wanda aka ɗura a mazubi marar suna.

Lokacin aiki ma yana da nasa hukunci. A hunturu fenti na bushewa da wuri, amma ƙura na manne masa, don haka a rufe tagogin da iska ke bugowa, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a share. A zafin Maris zuwa Mayu, inda Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, fenti na bushewa tun a jikin rola, sai ka ga sawu-sawu. A fara da sassafe a tsaya kafin azahar. Silin ake fara yi, sai bango, ƙofofi a ƙarshe. A bi kusurwoyi da ƙaramin burushi, rola ta biyo baya tun wurin bai bushe ba, kuma kada a tsaya a tsakiyar bango, a kai kusurwa tukuna. Tsakanin shafi da shafi a ba fentin ruwa awa 4, fentin mai kuwa sai ya kwana. Idan bokiti biyu na launi ɗaya za su shiga ɗaki ɗaya, a juye su wuri guda a gauraya, domin ko sunansu ɗaya akan sami ɗan bambanci.

Yanzu bangon ado, wato bango guda da ake bambanta shi da sauran ukun. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun ware bango ɗaya sun jera masa kwanuka da tasoshi daga ƙasa har sama, magina kuma sun zana dagi da sauran zane a fuskar soro a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. Abin da suka gane shi ne ido na son wuri guda da zai sauka. Yau sai ka shiga falo ka tarar da bango ja, na kusa da shi kore, silin da fitilu kala uku, labule mai fure, kafet mai fure. Ido ya rasa masauki.

Tsaya a bakin ƙofa ka duba inda idonka ya fara faɗawa. Yawanci wannan ne bangon. A ɗakin kwana shi ne na bayan kan gado. A falo, na bayan talabijin ko na bayan doguwar kujera, ɗaya daga ciki ba duka ba. Launi mai duhu marar sheƙi a bayan talabijin yana da daɗin kallo da dare, kuma baƙin allon na sajewa da shi idan an kashe. Bangon da ƙofofi da tagogi suka yayyanka ba ya yi, launin zai fito guntu-guntu. Wanda ke da babbar taga a tsakiya ma haka, hasken da ke shigowa zai sa a riƙa ganinsa dusu-dusu komai kyan launin. A dogon falo mai kama da lungu, sa mai duhun a gajeren bangon ƙarshe, zai jawo shi kusa ɗakin ya daidaita.

Sai a lura da gabas. Idan a ɗakin ake sallah, bangon alƙibla ba wurin zane mai ɗaukar hankali ba ne. A bar shi da launi ɗaya mai natsuwa, adon ya koma wani gefe.

Wajen launi, fara da abin da ba za ka canza ba: tayil, kujeru, labule. Tayil mai ruwan madara na tafiya da makuba, ruwan ƙasa, ko kore mai duhu. Tayil mai ruwan toka ya fi son shuɗi mai zurfi. Sauran bango uku su kasance masu haske. Kada ka zaɓa daga hoton waya ko ɗan katin shago. Sayi ƙaramin gwangwani, shafa murabba'in mita ɗaya sau biyu a kan bangon da kansa, ka dube shi da hantsi, da la'asar, da kuma dare. Ƙwan fitila na sauya launi sosai: mai lamba 6500K, farin nan da ya cika kasuwa, yana sa ruwan madara ya koma fari-fari mai sanyi, mai 3000K kuma, wato mai haske rawaya-rawaya, yana ƙara wa makuba da ruwan goro ɗumi amma yana dusashe shuɗi.

Launi mai duhu na da wuyar sha'ani. Ja da shuɗi mai zurfi a kan farin bango sukan nemi shafi uku, sai dai in an sa musu share fage mai ruwan toka a ƙasa. Bango mai mita 4.5 a 3, shafi uku, galan ɗaya mai lita 4 zai ci. A gama mai hasken tukuna ya kwana biyu, sannan a manna salatif na takarda a kusurwa. Don layi ya fita kamar an yanka da reza, shafa mai hasken a bakin salatif ɗin ya toshe 'yan kafofin da ke ƙarƙashinsa, ya bushe, sannan mai duhun ya hau. Cire salatif tun shafin ƙarshe bai gama bushewa ba, a hankali, a karkace. In ya bushe ƙarau zai taho da fenti. Mai son dagin arewa a tsakiya ya sa a yanka masa shi a kwali mai kauri ko a fitar da shi da POP, guda ɗaya babba, da launin da ya ɗan fi na bangon haske. Ƙanana goma a warwatse ba su kai shi kwarjini ba.

Fentin ruwa na bushewa a taɓa cikin awa ɗaya ko biyu, amma bai gama ƙarfi ba sai bayan mako biyu zuwa huɗu. A wannan tsakani kada a wanke shi, kuma masu jere su bar tazarar tafin hannu tsakanin gado ko kujera da bango. Ragowar fenti a zuba a ƙaramin mazubi mai murfi, a rubuta sunan launi da lambarsa da ɗakin da aka shafa, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Ranar da ƙarfen gado ya karci bango, da shi za a gyara.