Ranar hutuna a bakin Tafkin Mead

Tun da na iso Maraɗi hutu, tambaya ɗaya ke bi na daga gidanmu na unguwar Zariya har fadarmu ta shan shayi: wai me mutum yake yi a garin caca in shi ba ya caca? Amsar ita ce aiki da barci. Aikin dare nake yi a sashen wanki na wani otal a Las Vegas, cikin jihar Nevada ta Amurka, zanen gado da tawul daga magariba har asuba. Ranar hutu kuwa tafiyar ƙasa nake yi a bakin tafki, kuma wannan amsar ce ta fi ba mutane dariya. Wani abokina ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To malam, ka bar gida ka haye teku don ka yi tafiyar ƙasa cikin rana? Ai da ka faɗa mana da mun riƙa aikenka Tibiri kullum."

Da gaskiyarsa. Mu nan ba a taka sayyada sai da dalili, gona ko kasuwa ko gaisuwar mutuwa, kuma mai kuɗin kabu-kabu ba ya wahalar da ƙafarsa. Can kuwa mutum zai tuƙa mota ta miliyoyi, ya ajiye ta, ya ɗaura takalmi, ya yi ta tafiya ba wanda ya aike shi.

Watannina na farko ban san Amurka ba. Na san ɗakina, na san bas, na san ƙarƙashin otal inda injinan wanki suke. Gari ne da aka gina don mota, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da mai ƙafa biyu ba. Maƙwabcina na jikin bango ban taɓa jin sallamarsa ba. Wani dattijo ɗan Meziko da muke ninke kaya tare shi ya lura na fara ramewa. Wata safiya cikin sanyi ya ɗauke ni a tsohuwar a-kori-kurarsa muka nufi Boulder City, kamar kilomita 40 daga Las Vegas. An kafa garin a 1931 don ma'aikatan madatsar Hoover, wadda ta tare ruwan Tafkin Mead, kuma har gobe haramun ne caca a cikinsa. Da na gaya wa Inna haka a waya sai ta ce, "To ɗan nan, me ya hana ka koma can da zama?"

Hanyar da muka bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce, wadda aka shimfiɗa a 1931 don kai kayan gini wurin madatsar. Daga baya aka kwashe ƙarafan, ya rage tsakuwa shimfiɗe, ba hawa ba gangara sosai, kusan kilomita 6 har madatsar. Dutse a hannun dama, tafki can ƙasa a hagu, shuɗi shar a tsakiyar duwatsun da ko ciyawar kirki babu. Hanyar ta ratsa ta cikin ramuka 5 da aka fasa a jikin dutse, kowanne tsawonsa kamar mita 90, faɗinsa ya haura mita 7, don manyan bututu da injina su samu wucewa. Kana shiga sai sanyi ya buge ka, ga warin kashin jemage, ga ƙarar takunka tana dawo maka. Duk wanda ya shiga sai ya rage sauri, don inuwa can tsada gare ta.

A kan wannan hanyar aka fara gaishe ni. Mutanen da a cikin gari ko kallo ba ka ishe su ba, a nan kowa sai ya ɗaga kai ya yi maka barka da safiya. Gaisuwar dai guntuwa ce, kafin ka tambayi lafiyar iyali ya yi nisa, amma ga wanda ya daɗe bai samu ba, ta wadatar. Akwai wata tsohuwa mai kare da muke yawan haɗuwa da ita a bakin rami na biyu, karen sanye da takalma huɗu saboda zafin ƙasa. A fada an ce ƙarya nake sai da na nuna hoto.

A wurin aiki ni ne ɗan koyo a komai, har yadda ake danna injin shan ruwa sai da aka nuna mini. A kan hanyar nan ne kawai abin da na taso da shi ya yi mini rana. Na san ana fita bayan sallar asuba a dawo kafin hantsi ya yi zafi. Na san ana rufe jiki ne, riga mai dogon hannu da rawani, alhali su rana na ƙara zafi suna ƙara tuɓewa, sai ka ga mutum ya koma jawur. Na san ana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya zo. Amma kada wani ya ce don ya ci watan Afrilu a Maraɗi zai raina zafin can. A Yulin 2024 Las Vegas ta kai digiri 49, kuma iskar a bushe take ƙamas, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, ruwan jikinka yana ƙarewa ba ka sani ba. Wasu hanyoyin da ke gangarawa cikin kwazazzabai rufe su ake yi daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Satumba, don an sha ɗauko mutane a sume, wasu ma gawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farin zanen da ya zagaye tafkin. Duk inda ka duba, jikin duwatsun daga bakin ruwa zuwa sama fari ne fat, sannan baƙi ya ɗora, kamar shatar da ruwa ke bari a cikin randa idan ya ja baya. Can saman farin nan ruwa yake kaiwa da. A 2022 tafkin ya sauka sama da mita 50 daga cikarsa, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗori ba, har jiragen ruwan da suka nutse tuntuni suka fito fili. Wannan shi ne tafkin madatsa mafi girma a Amurka, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Las Vegas daga shi ake ja.

Kawuna da ke noman rani a fadamar Gulbi, wajen Madarunfa, shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Yaro, wa ke sama da su?" Tambayar manomi ke nan, wanda ya san ruwan Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, sai ya bi ta madatsar Jibiya kafin ya iso mana. Na ce, Kawu, su ma ruwan ba nasu ba ne. Ruwan saman Las Vegas a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba, mu nan muna samun ninkinsa huɗu ko biyar. Kogin Kolorado ne ke cika tafkin, shi kuma ƙanƙarar da ke narkewa a duwatsun Roki ce ke cika shi. A 1922 jihohi 7 suka raba ruwan kogin a takarda, a 1944 aka yanka wa Meziko nata. Matsalar ita ce sun yi lissafin ne a shekarun da ruwa ya yi yawa, suka raba abin da kogin ba ya kawowa kullum. Yau mutum kusan miliyan 40 ke dogaro da shi, mafi yawan ruwan kuma gonaki ke shanyewa, Nevada ce mai kaso mafi ƙanƙanta. Kawu ya miƙo mini wayar ya ce ashe rigimar tasu irin tamu ce.

Inda na sara musu shi ne tattali. Kowace unguwa da ranakun da aka yarda ta yi ban-ruwa, ranar Lahadi kuwa an hana kowa. Biyan mutum ake yi ya tumɓuke ciyawar ado ta ƙofar gidansa ya zuba tsakuwa. Ruwan da ya bi magudanar cikin gida tace shi ake yi a mayar tafkin, har da wanda injinanmu ke wanke zanen gado da shi. Mu tsadar garuwa ce ke koya mana tattalin ruwa, su sai da doka da tara, amma dai ana yi.

A arewacin tafkin akwai wani ƙauye, St. Thomas, da ruwa ya haɗiye a 1938 lokacin da madatsar ke cika. Da ruwan ya janye sai harsasan gidajen suka sake bayyana, yanzu ana zagayawa da ƙafa a tsakaninsu. Kakata ta sha ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta ci tsohon garin Maraɗi har aka tayar da mutane zuwa tudu, shi ya sa nake son in ga wurin da idona. Nisansa ya kusa kilomita 100 daga inda nake, bas ba ya zuwa, dattijon nan kuma ya yi ritaya ya koma wurin 'ya'yansa a Arizona. Na ci jarrabawar tuƙi kafin in taho, saura kuɗin mota, in Allah ya yarda kafin sanyi ya wuce.