Abin da oyil kula ta koya mini a gareji

Yawancin masu mota ba su san akwai oyil kula, wato abin da ke sanyaya baƙin mai, a jikin injinsu ba, sai ranar da suka buɗe murfin lagireto suka tarar ruwan ya koma kamar kunun gyaɗa. Ko a ranar ma ba ita ake fara zargi ba. Direba da bakanike duk bakinsu ɗaya: tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (tof) da gangar jikinsa, ya ƙone. Sai a sauke tof, a kai shi wajen masu inji su goge, a sayo sabon gasket a kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano, a ɗaure. Bayan mako guda mai ya sake tasowa a saman ruwa, a koma zargin mai sayar da kaya cewa jabu ya bayar.

Maigidana, wanda a hannunsa na koyi aiki a Kano, ba ya yarda a taɓa notin tof sai an ciro kula an gwada ta. Dalilinsa mai sauƙi ne. A motoci irin su Golf da Sharon, waɗanda suka cika tashoshinmu, kular wani ɗan akwatin alminiyam ne da ke zaune a gindin filtar mai. A cikinsa akwai siraran faranti, baƙin mai na bi ta wannan gefe, ruwa na bi ta wancan, ruwan yana ɗauke zafin man don ya tsaya wajen digiri 90 zuwa 110. Lokacin da inji ke aiki, matsin mai ya ninka na ruwa, saboda haka ko ƙaramar huda ce a farantin, man ne zai kutsa cikin ruwa. Shi ya sa za ka ga mota ba ta hayaƙi fari, ba ta ɓata wuta, ƙarfinta na nan, amma lagireto cike da mai. Gasket ɗin da ya ƙone ba kasafai yake barin inji lafiya haka ba.

Gwajin kuwa ba ya cin kuɗi. A toshe bakin ruwa ɗaya, a kai wa mai faci ya hura iska kaɗan ta ɗayan, a nutsa kular cikin bokiti. In kumfa ta fito, magana ta ƙare: sai sabuwa. Wasu na liƙe ta da gam ko su kai wa mai walda, amma hudar tana can ciki inda hannu ba ya kaiwa.

Wankin kansa shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, shi ake bai wa yara. A jiƙa ɓangaren mai da kalanzir ko gas, a girgiza, a zubar, a maimaita har ya fito tas, kuma a riƙa zubawa ta inda man ke fita don dattin ya koma ta hanyar da ya shigo. Sai a busar da iska. Irin kular da ke gaban mota kusa da lagireto, da iska ke sanyayawa, ƙurar hunturu da ƙwari ne ke toshe ta, sai a wanke ta a hankali, don in masu wankin mota suka sa mata ruwa mai ƙarfi, haƙoranta lanƙwashewa suke yi. Robar da ke bakin kular gindin filta kuwa, ba a mayar da tsohuwa. Zafi ya riga ya sandarar da ita, kuma sau da yawa yoyon da ake gani a gindin filta daga ita ne kaɗai.

Inda na fi jinjina wa maigidana shi ne kan injin da ya buga. In metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya cinye, ɓurɓushin ƙarfe yana bin mai ya maƙale a lungunan kula, kuma babu kalanzir ɗin da zai fitar da shi duka. Ka gyara inji tsaf, ka mayar da wannan kula, da mai ya yi zafi sai ya kwaso ɓurɓushin ya kai wa sabon metal. Mai mota yakan ce, "Haba Oga, a wanke mana ita, kuɗin sun yi yawa." Shi kuma ya ce, "Alhaji, in da wannan za a ɗaure, sai dai wani ya ɗaure, ba ni ba." Haka 'yar Baljiyam: ba ka san daga wane inji aka ciro ta ba, don haka ita ma sai ta sha wanki da gwaji kafin ta hau.

Abin da ke huda kular kuwa, mu ne ke zuba shi da hannunmu. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana da gishiri a ciki, yana barin farin datti a hanyoyin ruwa, yana cin alminiyam a hankali. Ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja, maganin tsatsa ne ke cikinsa, amma direban haya yana ganin sayensa asara ce tunda ga ruwa kyauta a jarka. A watan Afrilu, zafin Kano na wuce digiri 40, mota da lodi a kan hanyar Hadeja, kular da hanyarta ta toshe ba abin da take tsinana wa mai. Sai ya tsinke, fitilar mai ta fara ƙyaftawa in an tsaya a go-sulo.

Bayan an sauya kula, saura aiki. Man da ya shiga ruwa ya bi lagireto da hita da kowace tiyo. Mukan zuba ruwa da ɗan sabulun wanke kwano, a bar inji ya yi zafi, a zubar, a sake har ruwan ya daina maiƙo, sannan a ɗauraye. Tiyon da ya kumbura ya yi laushi, mai ya riga ya cinye shi, a cire. A juye baƙin mai da filta, don in an kashe inji ruwa ma yakan sulala ya koma cikin mai. Sannan mukan ce wa mai motar ya dawo bayan mako guda a duba, domin ragowar man da ya maƙale yakan taso sama, kuma in ba a gaya masa tun farko ba, zai ɗauka aikin ne bai yi ba.